Yaya Hinde da maganin da kullum yake tsallaken iyaka

Shekara takwas ke nan da muka kai Yaya Hinde makwancinta a Magama, amma har yau in na ga mace riƙe da hannun yarinya tana jiran mota a bakin iyaka, sai kewarta ta taso mini.

Yayata ce, ciki ɗaya. Ɗiyarta Rabi tun tana rarrafe ba ta san zama ba. A aike ta sayen gishiri, sai a tsinto ta wajen masu sauke buhunan wake. A aji malam na magana, ita tana leƙen taga. Duka kam ta sha, har masu dukan suka gaji.

Mu mutanen kan iyaka kullum gani muke magani yana wancan tsallaken. A Jibiya aka ce wa Yaya akwai mai maganin hayaƙi a Maraɗi. A Maraɗi aka ce ai manyan malamai suna Najeriya. Haka ta yi ta safa da marwa da Rabi a hannu. Da hawan jini ya yi ajalinta, wasu marasa linzami a baki suka ce wa yarinyar, "Ke kika ƙarasa ta." Rabi ta haɗiye maganar, ta girma da ita.

Bara wata maƙwabciyata mai aikin jinya ta ce in kai Rabi mu ga likitan ƙwaƙwalwa a Katsina. Na so in yi gardama, amma matambayi ba ya ɓata. Likita ya saurare mu a tsanake, ya ce larura ce ta ƙarancin natsuwa da ake kira ADHD, ba iskoki ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Ya haɗa mu da zauren iyaye a waya, har da 'yan Maraɗi a ciki, kowa na faɗin dabarar da ta yi masa amfani. Da Yaya na raye, wallahi da ta hana zauren nan sakat da tambayoyi.

A motar dawowa, da muka wuce Daddara, Rabi ta juyo ta dube ni.

"Kawu, ke nan ba da gangan nike yi ba?"

Na ce a'a.

"Inna ta sani?"

Yaya ta rasu ba ta san sunan larurar ba, Allah ya kai haske kabarinta. Amma amsar ba ta yi mini wuya ba. Na ce, "Rabi, uwar da ta ɗauka da gangan kike yi, bulala take nema, ba mota ba."