Mutumin da Ya Kai Ƙarar Kunnensa

Mijin yayata mutum ne mai ban haushi da safe. Ba ya hira, ba ya shan ruwan sanyi, wai yana tattalin murya. Zai amsa gaisuwarka da ka, ya ɗauki jaka ya nufi filin jirgi, ya shige wani ɗaki mai duhu a gindin hasumiya. Can zai maƙala abin sauraro a kunne, ya ƙura wa wasu ɗige-ɗige ido a allon na'ura har a tashi. Kowane ɗigo jirgi ne da ya bar ƙasa, shi kuma yana gaya wa matuƙinsa yadda zai hau da gudun da zai riƙe. Abokan aikinsa Dattijo suke ce masa. Ni da nake tuƙa tankar man jirgi a filin, Angon Yaya nake kiransa, in ce ya dace, an ba shi aikin zama a sanyi.

Makon jiya Yaya ta kira ni ta ce ya ajiye aiki. Ba korarsa aka yi ba, lokacin ritayarsa ma bai yi ba. Shi ne da ƙafarsa ya je wurin likitan ma'aikata ya ce a duba masa kunnen hagu. Suka duba suka tabbatar kunnen ya fara rauni.

A taron sallamarsa wani matuƙin jirgin kaya, mai furfura, ya miƙe ya yi bayanin da har ni na gane. Ya ce jirgi kamar mota ce mai lodi a kan tudu. In ka ɗaga masa hanci don ya hau da sauri, gudu ya ragu. In ka ba shi gudu, hawan ya ragu. Ga masu sauka suna ratsa hanyarka, ga wani ya taso a bayanka.

Ya ce wata rana da azahar, zafi kamar ya kashe mutum, ya tashi da lodi har wuya. An umarce shi ya haye saman layin masu sauka kafin ya iso wurin. Jirgi ya ƙi hawa. Yana jan hanci sama, gudu yana zubewa, kuma in gudu ya ƙare jirgi faɗowa yake kamar dutse. Bai ma buɗe baki ba sai ya ji muryar Dattijo: "Na gan ka. Bar maganar hawa, sauke hanci ka nemi gudu. Hanya ni zan share maka." Nan take Dattijo ya karkatar da jirgi mai saukowa gefe, ya sa wanda ke bayan matuƙin ya rage gudu.

"Rigata ta jiƙe sharkaf," in ji matuƙin, "shi kuwa kamar mai tambayar lafiyar iyali."

Na duba Yaya, na ga ita ma yau ta fara ji. Mutumin nan a ranar ya dawo gida ya ci abinci, bai ce wa kowa uffan ba!

Da aka watse na tare shi a bakin ƙofa.

"Angon Yaya, wa ya ce kunnenka ya lalace?"

"Ba kowa."

"To kuskure ka yi?"

"Ban yi ba. Wani matuƙi ya maimaita mini umarni, na ji rabi, rabin kuma kaina ne ya cike. Na ci sa'a daidai ne."

"Shi ke nan? A kan wannan ka bar aikin da ka fi so fiye da Yaya?"

"Kai, rufa mini asiri, tana jin ka," ya ce yana dariya. Sai ya daina dariyar. "Ranar da kaina ya cike ba daidai ba, wa zan ba haƙuri?"



Dattijo, kai ne ka riƙe sama mai cunkoso shekara da shekaru ba ka haɗa jirgi biyu ba, kuma fasinja ko ɗaya bai san fuskarka ba. Kai ne ka tona asirin kanka alhali ba mai zarginka. Na san mutane da yawa, har da manya, da za su lallaɓa su yi shiru har sai an kwashi gawa. Na ga idonka lokacin da kake miƙa abin sauraron ga matar da ka koya wa aikin. Ya yi ja, amma ba ka fasa miƙawa ba.

Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya bar maka kunnen da ya rage ka ji surutun jikokinka.

Ku kuma masu riƙe da ran mutane, direba ne kai ko mai allura, in ka ji wani abu ya fara gazawa a jikinka, kada ka jira a kama ka. Tashi ka je ka faɗa da bakinka.