Allon da Nafi'u bai gama ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Nafi'u ya rasu.

Yau da safe ina shirin fita makaranta ƙaninsa ya kira ni. Jiya da la'asar, yana komawa Kiyawa daga wurin aiki, babbar mota ta buge babur ɗinsa. Ya kwana a asibiti, da asuba ya cika.

Na zauna a bakin ƙofa, takalmi ƙafa ɗaya.

Masu bibiyata a nan kun san shi, ko da ba ku taɓa ganin fuskarsa ba. Hannun nan mai riƙe da ƙarfen dalma a hotunan da nake sakawa duk Asabar, nasa ne. Mu 'yan tsiraru ne a Dutse da muke haɗuwa duk Asabar muna haɗa ƙananan na'urori a kan bero, allon nan mai huji-huji da layukan tagulla a bayansa. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai, ribarta ƙunar yatsa da faɗan matan gida.

Shi ya koya min. Za ka jera kayanka a saman allo, sannan ka juya bayansa ka yanke layin tagulla duk inda ba ka son wuta ta wuce. Matsalar ita ce da zarar ka juya, dama ta koma hagu. Duk cikinmu babu wanda bai yanka a inda ba daidai ba, sai shi. Kafin ya juya sai ya zura tsinken tsintsiya ta hujin, ya bi tsinken ya yanka.

Ya sha kama ni ina juyawa kai tsaye. "Malam, sa tsinke mana. Idon nan naka ko layin sallah ba ya gyarawa."

Ba ya jefar da mataccen rediyo. Sai ya kwance shi tsaf, ya zuba kayan cikin gwangwanin madara, wanda ya rasa wani abu ya zo ya ɗiba. Lokacin da 'yata ke karatun jarrabawa ya haɗa mata fitila mai caji, ya kawo har gida cikin ruwan sama, ya ƙi zama ko shayi ya sha.

Matarsa Rabi ba ta ji. Sanƙarau ya tafi da jinta tun tana ƙarama. Saboda ita ya koyi maganar hannu, har ya kan manta ya yi mana ita a tsakiyar hira.

Bana Allah ya ba su 'ya mace, suna ce mata Ummi. Da Rabi ke wankan gida, mahaifiyarta ce kunnenta. Da ta dawo ɗakinta, sai ya zama shi ne. Ummi na motsawa zai farka ya taɓa Rabi. In ya fita aiki kuwa, ko wanka ba ta iya shiga da kwanciyar rai. Shi ya sa ya fara haɗa mata wata na'ura: in jaririya ta yi kuka, fitila ta kama walƙiya, wani ɗan abu da za ta ɗaura a hannu ya yi ta karkarwa.

Asabar ɗin da ta wuce ya zo min da allon. Idonsa ja wur, ya rame. Ya ajiye shi a kan tabarma ya ce in duba masa, ya ƙi tashi.

Ina juyawa na gani. Duk yankan a baibai suke, na dama a hagu, na hagu a dama.

Na so in rama tsokanar shekaru, na ce, "Injiniya, yau ina tsinken?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Barci ne, Malam. Rabon da in yi barci mai kyau tun da suka dawo. Bari dai in gama wannan, ni da Rabi duk mu huta."

Na ba shi sabon allo, na raka shi bakin titi. Rabuwarmu ke nan.

Ɗazu bayan mun dawo daga maƙabarta aka shiga da ni in yi wa Inna, mahaifiyarsa, gaisuwa. Rabi na zaune a gefe, ta kifa kai a gwiwa. Can cikin ɗaki Ummi ta tsala kuka. Duk tsakar gidan muka waiwaya, ban da uwarta. Sai da wata tsohuwa ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarta.

Wallahi ban taɓa jin abu ya soke ni irin wannan ba.

Da Rabi ta fito da yarinyar a kafaɗa, sabon allon nan na ɗaya hannunta. Ya gama jera komai, ya liƙe da dalma tas, amma bai yanke layi ko ɗaya ba. Tsinke na nan tsaye a huji na farko.

Ta miƙo min. Ta nuna allon, ta nuna Ummi, ta buɗe tafin hannunta tana kallona. Ban iya maganar hannu ba, amma na gane tambayar. Inna ta ce, "Ɗan nan, cewa take yaushe."

Na ce a gaya mata kafin sadakar uku, in Allah ya yarda. Na faɗa ne kawai, ni kaɗai ba zan iya ba. 'Yan Asabar, don Allah gobe ku zo gidana da wuri. Masu zaman makoki za su watse, ɗakin nan zai rage daga ita sai yarinyar.

Allah ya jiƙan Nafi'u, ya yafe masa kurakuransa, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba. Allah ya ba Inna da Rabi haƙuri, ya raya Ummi cikin kulawarsa.

Duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai sa shi a addu'a ba. Ku haɗa da Rabi, ita ce ke da sauran aiki.