Tsagar Gobirawa a Cikin Jahannama

A shekarun da mutanenmu ke zuwa Makka a ƙafa ta Sudan, ina gasa tsire a can Makka, a wani lungu kusa da masaukin alhazai. Bayan tukubata akwai ɗakin wani baƙo daga ƙasashen gabas, wai shi mai zane. Aikin Hajji ya zo yi, guzuri ya ƙare, sai ya koma zana Jahannama a ƙyalle yana sayar wa alhazai a ɓoye, don hukuma ba ta yarda da hoton mai rai ba.

Ban taɓa ganin wuta abar tausayi irin tasa ba. Ko ƙwai ba za ta dafa ba. Macizan kamar tsohuwar igiyar guga, masu azabar kuwa kamar 'yan dakon da ba su karya kumallo ba. Waɗanda ake ƙonawa duk sun wangale baki, ka ce haƙori za a cire musu.

Wata rana na leƙa ɗakin, sai ga mutum a jikin wani ƙyalle tsamo-tsamo cikin tukunya da tsagar gidanmu ta Gobir, daga gefen baki har kunne. Ashe duk zuwan da yake yi cin tsire, kumatuna yake karanta. Ya ɗauka tabon bulala ne.

Na ce, "Ya shehi, wannan fuskar fa?"

Ya ce, "Azaba ce, ya akhi, ɗan'uwana. Ta dace da wurin."

"Ai ba ni kaɗai ka jefa ba. Har da ubana, da kakana, da duk wanda wanzamin garinmu ya taɓa."

Ga shi wani alhaji Bayarabe, cikin abokan wasanmu, ya riga ya ce a ajiye masa ƙyallen. Da ya kai ƙyallen nan gida ya baje a kasuwa, ya ce daga Makka aka tabbatar, da Bagobiri bai sake ɗaga kai ba har a busa ƙaho.

Na ce da mai zanen ko dai ya gyara, ko gobe in rako masu sandar hukuma su ga fasaharsa. Nan take ya malale kumatun da jan fenti, mutumin ya koma kamar tumatir.

Da alhajin ya zo ɗauka, ya ware ƙyallen, ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Ina Bagobirin?"

Na ce, "An yafe masa, Alhaji."

Ya yar da ƙyallen, ya ce wutar da babu Bagobiri a ciki ba ta kai a ɗora wa raƙumi ba.