Baƙar Ƙwallon da Har Yau Take Gangarawa

Ɗazu ina kallon wasan kusa da na ƙarshe na gasar sinuka a waya, saura baƙar ƙwallo kaɗai a tebur, sai kawai na kife wayar.

Zamanin Shugaba Ahidjo ko gidan talabijin ba mu da shi a Garwa ta Kamaru. Wani Alhaji maƙwabcinmu a unguwar Poumpoumré ne ya zo da kaset ɗin bidiyo na wani wasan ƙarshe na sinuka daga Kano. Bature ya duƙa ya buga baƙar, tana gangarawa wajen rami kaset ya ƙare.

Babana, mahauci, ya ce ta shiga. Amininsa Kawu Hamadu, dillalin shanu, ya ce da Fulatanci "nastaay", wai ba ta shiga ba. Kullum bayan la'asar suna kan tabarma ɗaya suna wannan musu, har Allah Ya karɓi rayukansu su biyun.

Da na ba 'yata A'i labarin, ta ce, "Baba, tuno shekarar in bincika maka, yanzu ka san mai gaskiya."

Na ce, "Bar ta, A'i. Ranar da na san amsar, ranar za su tashi daga tabarmar nan."

Ku ma akwai tambayar da ba kwa son a amsa muku?