Wata Shida a Bencin Baya

Har yau duk majami'ar da na shiga, bencin baya idona yake fara dubawa. In na ga mace ita kaɗai a kai, kanta a sunkuye, to sujadar ranar ta lalace mini ke nan. Waƙa ba ta shiga, wa'azi ba ya shiga, sai zuciyata ta yi ta tafasa har a tashi. Shekara fiye da talatin ke nan ban huce ba, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa zan huce.

Mu Hausawa ne Kirista. Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano aka ce kowane ma'aikaci ya koma jiharsa, sai aka tura Babana, wanda malamin asibiti ne, wani ƙaramin ɗakin shan magani a wani ƙauyen ƙasar Gwaram, kusa da Basirka. Gidan ma'aikata babu. Wani dattijo malamin allo ne ya ba mu ɗaki biyu a gefen gidansa. Ya san addininmu sarai, bai kuma taɓa canza mana fuska a kansa ba. Mutanen gari Likita suke ce wa Baba, ya yi ta gyara musu har ya gaji ya bari. Majami'a kuwa sai Birnin Kudu, wata 'yar ƙarama mai rufin kwano. Duk Lahadi mu hau babur zuwa bakin titi, mu jira bas. Innata ce ke ba da waƙa a zumuntar mata, murya ce da ita wadda ko mai sayar da rake a waje sai ya tsaya ya saurara.

Baba ne ya koya mini abin da ake kira barata, tun ina shirin baftisma. Ya ce mutum ba ya zama mai adalci a gaban Allah don ya tara aikin kirki. Almasihu ne ya ɗauke laifinmu, wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare shi sai Allah ya karɓe shi a matsayin adali, kyauta, nan take. Aikin kirki daga baya yake biyowa, don godiya. Na ce ni fa ban gane ba. Sai ya ce, "Kin taɓa ganin na ce wa mai gyambo ya je ya warke tukuna kafin in wanke masa? Da ruɓarsa yake zuwa. Wankin aikina ne, nasa ya miƙo ƙafa."

A damina ta biyu da zuwanmu, lokacin na gama sakandare ina zaune a gida, Baba ya faɗi a bakin aiki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mako uku muka yi a babban asibitin Birnin Kudu, suka yi iyakar ƙoƙarinsu, aka sallamo mu. Magana ta tafi, sai 'yan kalmomi da ke fita da ƙyar. Inna ke juya shi, ta wanke shi, ta ba shi kunu da ludayi, rabi ya shiga rabi ya zubo ta gefen baki.

Wata safiya Malam mai gidanmu ya yi sallama da kansa, riƙe da 'yar ƙwarya an rufe da faifai. Rubutu ne, ayoyi da ya rubuta a allo ya wanke. Ya ce wa Inna, "Matar Likita, ga wannan a ba shi. Ya yi wa jikokina magani, ni kuma abin da nake da shi ke nan. Waraka ta Allah ce." Inna ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Daga baya ta gaya mini abu biyu ne suka haɗu mata. Na farko kunya, don ba a mayar da hannun dattijon da ya ba ka inuwa. Na biyu gajiya. Ta ce a ranar ko ƙasa aka ce magani ce za ta jiƙa ta ba shi.

Tana cikin ba shi ludayi na uku sai ga matar babban dattijon ikilisiyarmu ta shigo, ta taho dubiya tun daga Birnin Kudu da lemo a leda. Ta ga baƙin ruwa a ƙwarya.  Ta yi mana addu'a mai tsawo da daɗin ji, ta ci tuwonmu, ta tafi. Kafin Lahadi ta zagayo labari ya riga mu isa.

Dattawa huɗu suka zauna da Inna bayan sujada, tare da fastonmu, wani matashi mai kirki wanda ko tari ba ya yi sai ya dubi fuskar babban dattijo. Ina bakin ƙofa ina ji. Inna ba ta yi musu ba. Ta ce ta yi kuskure, ta roƙi Ubangiji gafara tun a ranar, yanzu kuma tana roƙon ikilisiya. Babban dattijo ya ce, "Tuba ba a baki take ba, sai mun gani a ƙasa." Aka sa ta ƙarƙashin horo na wata shida. Za ta ajiye zanen zumunta, ba za ta ba da waƙa ba, ba za ta ci Jibin Ubangiji ba, wato ɗan abin ci da sha da masu bi ke tarayya a kai don tunawa da mutuwar Almasihu. Kuma duk Lahadi sai an gan ta a bencin baya, ranar da ta yi fashi a koma farko. Baba da ya haɗiye rubutun aka ce ba shi da laifi, tunda bai iya cewa a'a ba. Wadda ta riƙe ludayi ce mai laifi.

Ban ce ba kuskure ba ne. A bangaskiyarmu kuskure ne, Inna da bakinta ta faɗa. Malam kuwa haƙƙin maƙwabtaka ya sauke yadda addininsa ya koya masa, ban taɓa riƙe shi da komai ba. Rigimata da watannin nan shida ce. Mutanen da suka koya mana cewa Allah ba ya jiran mai zunubi ya gyaru kafin ya karɓe shi, su ne suka zauna suka yanke wa Allah wa'adin da zai yafe wa uwata.

Lahadin farko-farko ina raka ta, matar Malam na duba mana Baba. Bencin yana dab da ƙofa, inda ake jingine tsintsiya. In aka ɗauki waƙar da Inna ta saba bayarwa, sai in ga leɓenta na motsi ba murya. Matan da suka ci daga tukunyarta suka koma gaishe ta da ka. A wata na biyu fasto ya yi wa'azi a kan alheri, ya ce ba wanda zai yi fahariya a gaban Allah, don duk kyauta aka ba mu. Babban dattijo ya ce amin da ƙarfi har sau biyu. Na ji kamar in cire takalmina in jefe shi. A mota na ce wa Inna, "To ke ban da ke ne a kyautar?" Ta ce in rufe mata baki, mutane na ji.

Ita ba bencin ne ya dame ta ba. Abu ɗaya take so, ta ci Jibin Ubangiji tare da mijinta ko sau ɗaya ne kafin ya tafi, don ta ga alamar ba zai daɗe ba. Shi ya sa ba ta yi fashi ba ko ranar da ruwa ya cinye hanya, ta taka da ƙafa har bakin titi, zane a ɗage.

A wata na huɗu fasto da babban dattijo suka kawo wa Baba Jibin har gida, kamar yadda ake kai wa marasa lafiya. Ɗan burodi ne da ruwan zoɓo a ƙaramin kofi. Baba ba ya iya riƙe kofi, kuma ba hannun da yake karɓar abu daga gare shi sai na Inna. Don haka dattijo ya ce ita ta riƙe masa, amma kada ta sha. Ta tallafo kansa, ta kai kofin bakinsa. Baba ya datse leɓe. Ya ɗaga hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya tura kofin wajen bakinta. Zoɓon ya zuba a yatsunta. Da ƙyar ya ce, "Ita."

Fasto ya dubi dattijo. Dattijo ya girgiza kai ya ce, "Ɗan'uwa, tana ƙarƙashin horo." Baba ya juya fuskarsa bango. Aka yi lallashi, aka yi addu'a, bai juyo ba. Inna ta goge yatsunta a gefen zane, ko lasa ba ta yi ba. Suka mayar da kayansu jaka suka fita.

Na bi su har inda suka ajiye babur. Na durƙusa yadda aka koya mini, na ce wa dattijon, "Baba, ku ne kuka yi mini tambayoyin baftisma. Kun tambaye ni da me ake barata, na ce da bangaskiya, ba da ayyuka ba, kuka ce na ci. Inna ta tuba. In Allah ya karɓe ta, me ya rage?"

Ya ce, "'Yata, Allah ya yafe, amma ikilisiya tana da tsari. In muka sassauta gobe kowa sai ya kawo laya. Wata shida wata shida ne, ba mai ikon rage ko kwana ɗaya, ko ni. Saura biyu, ku yi haƙuri."

Na ce, "Shi Baban zai yi wata biyun?"

Ya ce rai a hannun Allah yake, ya hau bayan babur. Gaskiya ya faɗa, amma ban taɓa jin gaskiya ta yi mini ɗaci irin na ranar ba.

Daga nan na daina zuwa Birnin Kudu, ni nake zama da Baba ranar Lahadi. Saura Lahadi biyu horon ya cika, Inna ta tashi ta ga numfashin Baba ya canza. Ta ɗaura ɗankwali ta kwance, ta sake ɗaurawa. Na ce kada ta je. Ta ce in ta zauna an koma farko, wata shida kuma Baba ba shi da su, amma mako biyu wataƙila. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Ka jira ni, yanzu zan dawo." Ta fita.

Da hantsi ya cika. Daga ni sai Malam, wanda ya jiyo kukana ya shigo, shi ya rufe masa ido ya ja masa mayafi. Ya tura ɗansa a babur har Birnin Kudu. Ɗan bai sha wahalar nemanta ba, yana leƙa ƙofar majami'a ita ya fara gani.

A wajen jana'iza babban dattijo ne ya yi jawabi. Ya ce ɗan'uwanmu yana gaban Allah da farar riga, ba don allurar da ya yi wa mutane ba, sai don alherin Almasihu kaɗai. Jawabi mai kyau, ba kuskure ko ɗaya a ciki. Na cije leɓe har na ji jini.

Kwana uku da rasuwa dattawan suka dawo zaman makoki. Muna tsakar gida a kan tabarma, Inna ta lulluɓe, tun ranar ba wanda ya ji ta yi doguwar magana. Babban dattijo ya gyara murya ya ce sun zauna sun duba halin da take ciki, kuma saboda ƙauna sun yafe mata mako biyun da suka rage. Ranar Lahadi ta ɗauro zanen zumunta, ta zo ta ci Jibin Ubangiji da 'yan'uwa. Matan da ke wurin suka fara godiya. Ni kuwa na yunƙura zan tashi, bakina cike da maganar da har yau nake da-na-sanin rashin faɗarta, sai Inna ta dafa gwiwata.

Ta ɗaga mayafi ta dubi babban dattijo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, ashe ana ragewa?"