Ƙyallen Mutumin Jawa

Da Baba ya dawo daga aikin Hajji, kowa a gidanmu na Kazaure ya samu tsarabarsa, shi kuma abin da ya riƙe wa kansa wani ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, ruwan ƙasa da baƙin shuɗi, da zane a karkace jere-jere. Wani dattijo ɗan Indunisiya, daga tsibirin Jawa, shi ya ba shi. Ƙafar Baba ta kumbura a Mina, mutumin nan ya riƙa tallafarsa zuwa wurin jifa yana dawo da shi, alhali ba mai jin yaren wani. Ranar rabuwa Baba ya cire hularsa ya ba shi, shi kuma ya kwance ƙyallen kansa ya ɗaura wa Baba. Da hannu ya nuna masa cewa da kakin zuma ake zana shi kafin a rina, kuma a can adon maza ne.

To, a nan garin kowa ya gan shi ɗankwali ya gani. Ninka shi ake yi kusurwa uku, a zagayo da shi goshi, a ƙulle a ƙeya. Ina laifin mai cewa ɗankwali?

Lokacin da Baba ke da lafiya, a ɗaki yake ɗaura abinsa, ba wanda ya damu. Sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ni na dawo gida bayan rasuwar mijina, jinya ta faɗo kaina: wanka, juyi, kunu da cokali, wankin shimfiɗa har hannuna ya yi kanta. Ban ƙi ba, ubana ne. Amma na gaji, wallahi na gaji. A cikin wannan hali ya kafe sai da ƙyallen nan zai je Juma'a. Na koyi ɗaurin da kwatancensa, yana nuni da hannun da ke motsi, ina kwancewa ina sakewa.

Yayana, wanda ke ɗaukarsa a babur, ya shigo ya gan shi ya tsaya turus.

Ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, ba zan kai ka masallaci da kallabi ba. Ga hulunanka nan.”

Baba ya ce, da bakinsa da ya karkace, “Mutumin can yana sa hulata.”

“Ina ka sani, Baba?”

Baba ya juya fuska bango. Yaya ya ja ni soro ya ce ni nake biye masa. Na ce to ya zo ya karɓi jinyar mako guda, sai ya ga wanda ke biye wa wani. Ya buga babur ɗinsa ya tafi.

Haka Juma'o'i suka yi ta wucewa. Baba na zaune a kan tabarma da wankansa da turarensa da ƙyallensa, yana jin huɗuba daga lasifika. In an tayar da salla sai in ga leɓensa na rawa. Mutumin da tun tasowata ban san ya rasa sahun gaba ba. Na roƙe shi ya ɗora hula a kan ƙyallen, ya ƙi. Na roƙi Yaya ya kawar da ido, ya ƙi. Ni ce a tsakiya kamar hatsi a turmi, kuma ni ce mai dafa tuwon dare.

Wata Juma'a da damina na ce abin ya ishe ni. Na leƙa wurin maƙwabcinmu mai adaidaita, na ce don Allah ya kai Baba. Ya dubi kan Baba, ya dube ni, ya ce, “Bismillah, Alhaji.” Na tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana.

Da suka dawo na tambayi maƙwabcin ko an yi magana. Ya ce an kalla, wasu sun yi murmushi, shi ke nan. Baba kuwa ya cinye tuwonsa ranar bai rage ba. Bai sake samun ƙarfin fita ba, kafin kaka Allah ya karɓi abinsa.

Wajen rabon kaya ina ɗaki da masu gaisuwa. Maza suka ware riguna da huluna, ƙyallen kuma suka jefa cikin kayan mata, ya faɗa hannun Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Roni. Ban sani ba sai da na je wani suna can, na hango shi a kanta, ta yi masa ɗaurin gaba ta turo shi goshi.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, “Gwaggo, a ƙeya ake ƙulla shi.”

Ta yi dariya ta ce, “Ke yarinya, ni za ki koya wa ɗaurin ɗankwali?”

Na ce a'a. Na tashi na koma wurin tukwane, don an ce a zo a taya kwashe shinkafa.