Ƙofar Dama da Ƙofar Hauni

Wata Laraba ce da hantsi, damanar da ta biyo bayan kafa jihar Sakkwato, ina ’yar shekara takwas. Ina laɓe bayan zana a gidanmu na Tambuwal, wai ɓarar gyaɗa nake yi, alhali kunnena yana zaure. Zauren ƙofa biyu gare shi: ta dama tana kai mutum ɗakin kakana Malam, ta hauni tana kai shi wata rumfa. Tsakaninsu Baba Ladan, ƙanen Malam, yake zama yana saƙar faifai. Duk wanda ya yi sallama sai ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi, sannan tsohon ya nuna masa ƙofa da haɓa.

Ni dai ban yarda da shi ba. Shekara biyu ke nan mahaifina ya bi masu aikin hanya, ko wasiƙa babu, kuma na lura wasu baƙin da ake turawa rumfa fura kawai suke sha, ana ta ƙus-ƙus. Na ƙudurta a raina tsohon nan ɓoye mana saƙon babana yake yi.

Ran nan sai ga wani Bafillace daga Fakku. Ya ce, “Malam nika son gani,” ya rage murya, amma na tsinci sunan mahaifina. Baba Ladan ya ajiye faifai ya ce, “Bi hauni.” Shi kuma ya fita kiran kawunnaina.

Na ce yau asiri ya tonu! Na zagaya rumfar a guje na ce wa baƙon, “An yi kuskure, Malam na kiranka.” Ni da kaina na shige masa gaba har ɗakin. Malam yana rubutu, shi kaɗai. Mutumin ya durƙusa ya faɗa, ba kwana-kwana: motar ma’aikata ta kife kusa da Kebbe, ɗansa, wato mahaifina, ya rasu, an yi jana’iza jiya. Alƙalamin ya suɓuce daga hannun Malam, kuma babu babba ko ɗaya da zai riƙe kakan nawa. Ashe mai mugun labari ake kaiwa rumfa, ya huta, a tara manya tukuna.

Baba Ladan bai taɓa yi mini faɗa a kan abin da na yi ba, abin da ya fi duka ciwo ke nan. Yau aikina gina shafukan intanet, ni ke zaɓar inda za a tura mutum bayan ya sa sunansa ya shiga. Na’ura ba ta duban fuskar kowa. Har yanzu, kafin in nuna wa baƙo ƙofa, sai na tuna Malam zaune shi kaɗai.